Shekarar da Muka Koma Ganyen Kalgo

Lokacin da aka tura ni koyarwa wata firamare a ƙasar Safana, ana cikin tsadar nan da ta sa magidanci ke auna tiyar gero da ido kafin ya taɓa aljihu. Daga Batsari nake zuwa kan babur. Abin da ya riƙe yara a makarantar, gaskiya ba darasinmu ba ne, abincin tara ne. Ranar alala kuwa har wanda ya kwana da zazzaɓi sai ka gan shi a layi.

A leda ake dafa alalar, a ledar ake ba kowane yaro tasa. In an tashi tara sai filin ya koma fari fat. Iska ta kwashi ledojin ta rataye su a kan ƙayar aduwa, wasu su faɗa gonakin maƙwabta. Babu wanda abin ya dama sai da ya taɓa akuyar hedimasta.

Hedimastan namu dattijo ne mai son tsari, kuma yana da wata jar akuya da yake ji da ita ƙwarai. Ta fara ramewa, cikinta na kumbura, shi kuma yana ta murna wai tagwaye za ta haifa. Da ta kasa tashi aka kira mahauci. Abin da aka ciro daga tumbinta dunƙulen leda ne, ya kusa kai ƙwallon da yara ke bugawa. Washegari hedimasta ya soke dunƙulen a tsinin sanda ya zo da shi wurin taron safe, ya yi jawabi mai tsawo kan halayen marigayiyar, har wata malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ya ɗauka kuka take, ya ce ta yi haƙuri. A ƙarshe ya haramta leda a makarantar, ya naɗa ni shugaban kwamitin neman abin da zai maye gurbinta. Da na tambayi sauran 'yan kwamitin, ya ce ai ni kaɗai na isa.

Na tafi wurin babbar mai girkinmu, wata tsohuwa da rashin tsaro ya taso ta daga wajen Wagini. Bayan mun gaisa na faɗa mata dokar. Ta ce dama ledar ta yi tsada, Allah ya raka taki gona. Ta ce da can a ganyen kalgo suke ƙunshe daddawa da ƙuli, sai dai kalgo mai faɗin ganye yana can wajen Runka, inda rashin tsaron ya fi tsanani.

“Inna, ni da Runka sai dai a labari,” na ce mata.

“To ɗana, sai ka bi bakin gonaki ka tsinko mana na kusa.”

Haka na zama mai tsinkar ganye. Kullum in na taso sai in tsaya a hanya in cika buhu in ɗaure bayan babur. 'Yan sintirin da ke tsare hanya suka buɗe buhun rana ta farko, suka dube ni, suka dubi ganyen. Na yi masu bayani, suka gyaɗa kai irin na waɗanda ba su yarda ba. Kafin mako ya zagayo, babbansu ya ja ni gefe ya rage murya ya ce basir ya hana shi zama, ko zan taimaka. Na rantse mashi ni malamin lissafi ne. Ya ce ya sani, masu ba da magani dama ba su cika faɗa ba. Dole na ba shi ganye ya tafi da shi. Daga baya ya ce ya ji sauƙi, ya turo mani surukinsa.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Ni da Inna muka ƙunsa ƙullun a ganye muka soke da tsinke, ya tsiyaye duka a tukunya, yara suka sha alala da ludayi. Sai muka koma dafawa a gwangwanayen madara da na tumatir, in ta nuna a juye wa kowa tasa a kan ganye biyu, a wanke gwangwanin a ajiye na gobe. Wannan ya yi. 'Yan aji ɗaya, da ba su taɓa ganin abinci a ganye ba, suka haɗa da ganyen suka cinye, wani ma ya zo ya ce a ƙara mashi salak. Sai da na bi aji-aji ina bayanin cewa faranti ne.

Filin ya yi tsaf, hedimasta yana zagayawa hannu a baya yana murmushi. Abin da ba mu lissafa ba shi ne ganyen da ya sha manja da albasa. Awakin garin suka gano shi. Ƙararrawarmu wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da ke rataye a bishiyar darbejiya, kuma ba a jima ba suka haddace sautinsa. Ana bugawa sai ka hango ƙura daga cikin gari, suna tafe a guje, wani baƙin bunsuru a gaba. Ba su jiran a yar da ganyen, daga hannun yaro suke karɓa, wani lokaci har da alalar.

Ranar da wani jami'i ya zo duba makarantu, hedimasta ya sa a buga ƙarfe don yara su taru su gaishe shi. Awaki suka riga yara isowa. Suka kewaye baƙon suna kallon hannunsa, bunsurun ya kama gefen takardar da ya riƙe ya fara taunawa. Baƙon ya tambaya ko su ma ɗalibai ne. Hedimasta bai yi dariya ba, ya ce, “Ranka ya daɗe, sun fi wasu zuwa a kan lokaci.”

Bayan nan muka samo babban kwando. Kowa ya gama ci ya jefa ganyensa ciki, a kai bayan katanga a zube wa awakin, abin da suka rage a tura rami ya zama taki. Suka koyi jira a can, aka zauna lafiya.

Daga baya abincin ya daina zuwa. Inna ta kwashe gwangwanayenta ta koma sayar da alala a bakin tasha, yara suka ragu a aji. Awakin kuwa sun daɗe suna zuwa. In an buga tara sai su jeru bayan katanga su yi tsaye, har a koma aji, sannan su juya cikin gari ɗaya bayan ɗaya.