Manzo da Azarar Giginya a Cikin Jirgi

Manzo kafinta ne a wani ƙauye na Tondikandia. Ƙofofi yake yi da rufin ɗaki, kuma a wurinsa itace mai kyau shi ne wanda gara ba ta ci.

Duk damina tabki yakan cika ya yanke hanyar Damana, inda likita take. Shekarun baya wata ƙungiya ta bar wa mutanen ƙauyen jirgin ruwa na fiba, wata irin roba mai tauri, don ƙetarewa. Bara da rani aka ga ƙasansa yana lotsawa. Da Manzo ya yanka fibar, sai ya tarar katakan da ke kwance a ciki, masu riƙe jirgin, sun ruɓe kamar dusa. Ba a roƙe shi ba ya karɓi aikin, domin matarsa Dijatu na fama da ciwon zuciya, kuma a Damana ake duba ta.

Ya zaɓi azarar giginya, irin wadda yake rufi da ita. Bubakar, wani makiyayi da ya taɓa kai shanu bakin kogi a Yamai, ya ce masa masu jirgi a can busasshen maɗaci suke nema, giginya ta yi nauyi.

"Baba Manzo, wanga itacen na ɗaki ne," in ji shi.

"Kai da wutsiyar saniya kaɗai ka sani," Manzo ya amsa yana dariya. "Gara ma ta bar shi, balle ruwa."

Ya jera azarar, ya lulluɓe ta da fiba da gam ɗin da aka sayo daga Filinge.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo daidai lokacin da ƙafafun Dijatu suka kumbura. Aka sa ta a jirgi. Tun a bakin tabki ya nutse fiye da yadda aka saba. Ba su yi nisa ba gam ya saki, domin bai kama zaren giginyar ba, azarar ta motsa ta tsage ƙasan jirgin. Aka juyo da ƙyar.

Sai aka zagaya da ita a amalanken jaki ta kan tudu, tafiyar yini. Ba ta kai Damana da rai ba.

Jirgin yana kife a bakin tabki har yau. Manzo ya ciro azarar ya sa a rufin ɗakin da yake kwana shi kaɗai. Da na ziyarce shi ya nuna mini ita. Gara ba ta taɓa ta ba.