Kunyar Suruki a Hanyar Kwazazzabo

Matata 'yar gindin dutse ce. A ƙauyensu na ƙasar Bauchi, in ka fito daga ɗaki dutse kake fara gani kafin ka ga mutum. Duk zamanmu a unguwar Rusholme da ke Manchester, a Ingila, ba ta taɓa kuka da sanyi ba, sai dai takan ce garin ba shi da abin da ido zai jingina da shi. Bayan an yi mata aikin zuciya, 'yarmu ta nuna mata hoton wani kwazazzabo a yankin tsaunukan Peak District, inda titi ya ratsa tsakanin manyan duwatsu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ku kai ni in gani da idona."

Zaman ƙaramar mota ya fi ƙarfinta. Shi ya sa surukina, mijin 'yar tawa, ya ɗauko hayar irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki, don in ta gaji a tsaya ta kwanta. Suka taso daga Birmingham da sassafe suka ɗauke mu. Ƙarfin matata na safiya ne, da azahar ta gota jiki ya mutu. Dukanmu mun san haka.

Ni aka ba kujerar gaba. Surukin nan nawa haihuwar Kano ne, kuma da kunyarsa ya zo ƙasar nan. Ba ya cin abinci a gabana, ba ya haɗa ido da ni, in zai gaishe ni sai ya durƙusa ko da a bakin titi ne. Na sha yin alfahari da shi a masallaci.

Muka bar gari, ƙasa ta fara tudu da gangare, tumaki sun bazu a kan tsaunuka. Ina jin matata daga baya tana cewa, "Kai, ji ciyawa! Da shanun babana sun ga wannan, ai ba mai koro su gida."

A wata mararraba wayar da ke nuna hanya ta ce a miƙe. Ni kuwa na yi tuƙin tasi a Manchester har gashina ya yi fari, na kuma taɓa bin wajen da ƙaramar mota. Na ce, "Rabu da wannan abar, zagaye za ta yi da mu. Karya hagu."

Ya ɗan rage gudu. Ya ce, "To, Baba."

Akwai allo a bakin hanyar. Tabarauna yana aljihu, ban karanta ba.

Hanyar ta yi ta tsukewa. Katangar duwatsu dama da hagu, motar tana gogar ganye, tukwane suna ƙara a cikin kabad. Can a wata kwana muka yi kiciɓis da tarakta. Gaba ba wuri, baya kuma motoci sun riga sun jeru. Manomin da ke tuƙa ta ya sauko yana yarfa hannu, yana tambaya ko makafi ne mu. Sai da aka bi motocin baya ɗaya bayan ɗaya ana roƙo, sannan muka fara ja da baya kamar kunkuru, 'yata a ƙasa tana ɗaga wa mijinta hannu, na bayanmu suna ta hon.

Da ta hawo, ko ƙofa ba ta rufe ba ta fuskanci mijinta.

"Ba ka ga allon ba?"

"Na gani."

"Me aka rubuta?"

"Ba a shiga da babbar mota."

"Ka gani, ka shiga?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba ne ya ce."

Ban san lokacin da na buga hannu a gaban motar ba. Na ce, "Kai wane irin mutum ne? Bakinka ciwo yake? Da na ce ka faɗa rami, sai ka ce to?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

"Kada ka huce ni! Amsa nake so!"

"Ban ga ya dace in musa maka ba."

'Yata ta ce, "Ai ga ladabi nan, mu dafa mu ci. Ku biyun nan kun dace da juna, wallahi."

Ni na ce a karya hagu, ban taɓa musun wannan ba. Amma tsoho mai taurin kai ba sabon abu ba ne a duniya, shi ya sa ake tafiya da mai ido. Mutum yana riƙe da sitiyari, da marar lafiya a bayansa, ya karanta allo sarai, ya auna kunyata da ƙarfin matar nan, ya zaɓi kunya. Wannan ba girmamawa ba ce. Ya tsare mutuncinsa ne a idona, ya bar mu da sauran. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, irin tarbiyyar da na yi ta yabo ke nan, har ina yi wa 'ya'yan wasu gori da ita.

Kafin mu koma babban titi azahar ta daɗe da wucewa. Muka tsaya a wani fili a gefen hanya. Matata ta yi zufa, leɓɓanta sun bushe. 'Yata ta kama ta ta kwantar a gadon, ta ba ta magani. Kwazazzabon yana bayan tudun da ke gabanmu, har kan duwatsun ana hangowa.

Na tsuguna kusa da ita na ce, "Hajiya, saura kaɗan. Ki daure."

Ta ce, "Malam, ihunka ya fi hanyar gajiyar da ni. A mai da ni gida."

Na ce ko ta tagar ta leƙa ta ga kan dutsen. Ta ce ba kan dutse ta zo gani ba, so take ta tsaya a gindinsa. Ta juya fuskarta bango.

Muka juyo. Ba mu ƙara tsayawa ba har Manchester.

Daga nan sanyi ya shigo, ƙarfinta ya ƙara raguwa, yanzu ko matakalar gida sai an riƙe ta. Da 'yarmu ta sake tayar da maganar tafiyar, uwar cewa ta yi a bar shi. Surukina kuwa yana nan yadda yake. Ranar Asabar da ta wuce ya zo duba ta, ya durƙusa a ƙofar falo zai gaishe ni. Na ce masa ya tashi tsaye, ya dube ni a ido in yana da magana. Ya ƙara sunkuyawa.