Baba da Mutanen Jar Duniya

"Ku yi tassa, sakarkaru! Ku gina rami ku zuba taki!"

Babana ke nan, ɗan shekara saba'in, zaune bakin rumbu a Garhanga, yana yi ma wayata tsawa.

Fim ne na mutanen da jirginsu ya faɗi wata jar duniya can sama, duwatsu ko'ina, ba ruwa. Ina ɗan makaranta a lakwal anka fara nuna shi a tele, kuma Baban nan da kansa ya zane ni a kansa, wai kallon aljannu nike. Bana masu tele sunka dawo da fim ɗin kashi-kashi, na zo hutu da shi cikin waya. Laifina ɗaya, na bari ya leƙa.

Yau kwana huɗu wayar na aljihunsa. Patron ɗina, maigidana a wurin aiki, na nemana daga Madawa, Baba ya ce in jira sai mutanen nan sun yi girbi.

Jiya shukarsu ta bushe. Ya yi salati, ya yi musu jaje, sannan ya dube ni.

"Wanga fim ƙarya ne."

Na ce, "Haba Baba, sai yanzu ka gane?"

"Abijan akwai mu. Libiya akwai mu. A ce duniya guda cur, ba Ba'adare ko ɗaya mai teburin shayi?"

Na miƙa hannu in amshi wayata. Ya ce, "Sa kashi na gaba, wataƙila yana hanya."

Jama'a, wanda ya taɓa ƙwato waya hannun tsohonsa ba tare da an tsine masa ba, ya koya mani dabara, aikina na lilo.