Lahadin Baba Bulus

Ina bisa kabu-kabu hanyar Tibiri Rabi ta sake kira, karo na ukku. Ta ce Alhaji ya kori mutum, kuma wai aplikasiyonmu ce ta nuna a kore shi. Litinin ɗin nan har yau ba ta bar kaina ba.

Mu ukku ne a buro, ɗaki guda a unguwar Zariya. Ni ke rubuta kod, Rabi ke zane da magana da mutane, Ibro ne shef. Wata bakwai muka yi muna haɗa abin puwantaji: ma'aikaci ya buɗe shafi a wayarshi, ya sa lambarshi in ya zo, ya sa in zai tashi, maigida ya ga awowin kowa daga inda yake. Wanda ya fara ɗauka wani Alhaji ne mai gonar kaji a Tibiri, ma'aikata tara, shi kuma yana zaune Yamai. Ni na ƙara dabara biyu. Ranar hutunka shafin ba ya buɗe maka. In ka yi fashi sau ukku sunanka ya koma ja, saƙo ya tahi wayar Alhaji. Ibro har tafa min ya yi.

Na iske wanda aka kora zaune bakin ƙofar gonar bisa benci. Baba Bulus, dattijo, shekara goma sha huɗu yana ba kajin nan abinci. Na gaishe shi, ya amsa, ya dube ni.

"Kai ne mai jan nan, ɗana?"

Na ce ni ne, Baba.

Abokin aikinshi Malam Sani ya yi min bayani. A takardar da Alhaji ya ba mu, hutun Baba Bulus Juma'a ne, na Malam Sani Lahadi. Amma shekara da shekaru musanya suke. Baba Bulus ya tahi coci ran Lahadi, Malam Sani ya riƙe mashi. Ran Juma'a Malam Sani ya tahi Jiratawa ya yi salla ya ga tsohuwarshi, Baba Bulus ya riƙe mashi. Ba wanda ya taɓa rubutawa, kaji ba su taɓa wuni da yunwa ba. Mun buɗe shafin ran Asabar, shi ya sa fashin Lahadin Baba Bulus ya riga cika ukku. Malam Sani saura Juma'a guda shi ma ya koma ja.

Wata bakwai, ba wanda ya taka ƙafa ya zo ya tambaye su yadda suke aiki. Takarda muka bi.

Nan tsaye na kira Alhaji, na kwashe komi na hwaɗa mashi. Ya ce shi bai san da wata musanya ba, kuma ba ruwanshi da inda mutum ke ibada, amma Lahadi ake lodin ƙwai, Bulus yake so a wurin. Na ce zan iya sa maɓallin musanya cikin kwana biyu.

"Kar ka sa. In kowa zai canza yadda ya ga dama, mi na ɗauke ku ku yi min?"

Ya yarda Baba Bulus ya koma aiki, da sharaɗin kar ya sake ganin ja. Na hwaɗa ma dattijon. Ya ce ya gode, ya miƙe ya ɗauki bokiti ya shige.

Tun daga nan sati shidda komi kore a allo, ba ja ko guda. Ibro ya yi murna, Rabi ta sa hoton allon a talla. Ni kuwa na leƙa ciki. Ran Lahadi lambar Baba Bulus daga wayar Malam Sani take shiga. Ran Juma'a lambar Malam Sani daga wayar Baba Bulus. Lambobin suka ba juna. Ban hwaɗa ma kowa ba.

Yanzu wani mai shaguna a Sabon Gari zai ɗauki aplikasiyon, amma ya ce sai an ɗaure kowace lamba da waya guda, don kar wani ya yi ma wani puwantaji. Shafin guda ne, in na sa mashi na sa ma gonar. Lahadi ukku bayan haka sunan Baba Bulus zai koma ja, kuma Alhaji ya riga ya hwaɗi sharaɗinshi.

Aikin rabin wuni ne. Sati biyu ke nan ina ce ma Ibro rezon intanet ne, wuta ce, kod ɗin ya rikice. Ya fara kallona wani iri. Wallahi na gaji da ƙaryar, na gaji da buɗe shafin nan.

Ku da kuke wannan sana'a, gobe da safe Ibro zai sake tambayata. In ku ne, mi za ku ce mashi?