Ranar da Na Buɗe Baki a Gaban Surukina

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a jikina ta faru.

Ciwon ciki ya kwantar da ni, likita ya ce sai an ɗauki hoto a wata na'ura mai baki kamar tanderu. Kafin a tura mutum ciki, ana ɗura masa wani ruwa ta jijiya don hoton ya fito sarai. 'Yata tana jego, sai mijinta ya zo Ƙofar Wambai ya ɗauke ni a mota. Ita 'yar fari ce, ko sunanta ba na kira, balle mijinta. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ita ma ta bayan labule.

A asibiti nas ta fara tambayoyi. Na ja mayafi na sunkuyar da kai, shi yake amsawa.

"An taɓa yi wa Mama wannan allurar?"

"Ba a taɓa ba," in ji shi.

An taɓa. Tun maigidana yana da rai aka yi mini, jikina ya yi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya shaƙe, da ƙyar numfashi ya dawo. Surukina bai sani ba. Amma in ƙaryata suruki a gaban mutane? In yi zancen jikina yana ji?

Har nas ta ɗaure mini dantse tana laluben jijiya. Na ce a raina, in na tafi yau, wa zai dama wa mai jego kunun kanwa? Sai na ji muryata ta fita.

"'Yar nan, dakata. An taɓa."

Ta saki hannuna. "Kai, Mama! Ashe kina magana? Ni na zaci kurma aka kawo mana."

Surukina ya ce, "Inna, a gafarce ni," ya sulale waje.

Likita ya zo, na zayyana masa komai. Ya ɗage ɗaukar hoton zuwa wata rana, aka ɗebi jinina aka duba ƙoda, aka ba ni ƙwayoyin da zan sha kafin in dawo. Da na dawo, wani ruwan daban suka ɗauko, da maganin gaggawa a kusa. Nas ta raɗa mini, "Za ki ji ɗumi kamar kin saki fitsari. Ba ki yi ba, alwalarki na nan."

Ɗumin ya zo, ya wuce. Suka zaunar da ni suna dubana, ko ƙaiƙayi ban ji ba. Aka ce in yi ta shan ruwa. Hoton ya nuna inda ciwon ya ɓuya, aka yi aiki, ga ni ina tauna goro.

Nas ɗin, an ce yanzu in aka kawo tsohuwa sai ta fara tambayar mai rakiya ko suruki ne. Surukina ya gina gida a Gwallameji, jaririyar da aka haifa a lokacin ta shiga Islamiyya, uwarta ta sake haihuwa, kuma ni na dama kunun. Har yau ta bayan labule muke gaisawa da shi, amma a gaban likita ni nake amsa wa kaina.