Katin Baba Zamani

Ranar da Baba Zamani ya fara shigowa shagona a Dutsen Kura, nan Minna, cikin damunar 2009, ya rungumo kwamfutarsa naɗe cikin zanen gado. Tun daga Maitumbi ya ɗauko ta a Keke Napep, a kan cinyarsa. Ya ajiye ta a kan teburina a hankali, ya ce da ni kwana uku ke nan ta ƙi tashi, kuma yana son ta kafin Juma'a.

Na kwance ta, na leƙa ciki, na yi tsaki. Madabod ɗin, wato babban allon da komai na cikin kwamfuta ke maƙale a jikinsa, ya gama aiki. Tsufa ne kawai. Na ce masa sai dai sabo, kuma ina da shi a shago, kafin la'asar ya tafi da abarsa. Ya ce to, amma da sharaɗi ɗaya. Ya lalubo katin hoton da ke cake a jikin tsohon allon, wanda ke kai hoto zuwa fuskar kwamfuta, ya ɗora yatsa a kai.

"Canza duk abin da za ka canza, Injiniya, amma wannan zai koma ciki."

Ni kuwa dama ba a san ni da haƙuri ba. Na yi masa bayani cewa ramin da irin wannan kati ke shiga an daina yin sa a sababbin alluna, kuma sabon allon ma da nasa hoton yake zuwa, wanda ya fi wannan tsohon kwalin kyau nesa ba kusa ba. Ko a jikinsa. Har na tsokane shi, na ce Baba, sunanka Zamani amma kai da zamani ba kwa ga maciji. Ya yi ɗan murmushi, ya ce ba ni na fara faɗa ba. A raina na ce rowa ce kawai da taurin kai irin na tsofaffin ma'aikatan gwamnati.

Daga baya na san ko wane ne shi. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Minna yana saurayi, ya yi shekara talatin da biyar yana buga tafireta a ma'aikata. Da ya yi ritaya, ɗansa Ebenezer ya haɗa masa wannan kwamfutar kafin aiki ya kai shi Fatakwal. Matarsa Esta ta rasu shekara biyu bayan nan. Gida mai ɗaki huɗu ya koma daga shi sai agogon bango.

Abin da ya rage masa shi ne Juma'a. Shi ke buga tsarin sujadar Lahadi na cocinsu, kyauta. Kowace Juma'a da yamma Ishaku, sakataren ikilisiya, zai zo da jerin waƙoƙi da sanarwa, shugabar zumuntar mata ta zo da tata takardar, masu ɗaurin aure da masu godiya su biyo baya. Baba Zamani ba ya karɓar takarda a ajiye masa a tafi. Cewa yake rubutunsu kamar kaza ta yi tono a ƙasa, don haka kowa sai ya zauna ya karanta masa da baki, shi kuma yana bugawa. Ana haka ana shan shayi, ana gardama a kan wace waƙa ta fi dacewa. A duk mako wannan ce ranar da ake jin muryar wani a falonsa, kuma ita yake tsoron ta kuɓuce masa.

To, ni ban san wannan ba tukuna. Na dai san akwai wani irin allo mai ramuka biyu, na da da na yanzu, amma a duk Minna ban samu ba. Na buga waya Kaduna, babu. Na roƙi wani abokina mai saro kaya daga Legas, ya ce zai duba. Mako ya wuce, biyu suka wuce. Baba Zamani kuwa kowace Laraba sai ya zo, ya zauna a bencin ƙofar shago da hularsa a gwiwa, ba ya ma tambaya, muryata kawai yake saurare. Wata rana raina ya ɓaci, na ce masa wallahi Baba kana wahalar da ni kana wahalar da kanka a kan abin da ko darajar almakashi bai kai ba. Har yau idan na tuna maganar nan sai kunya ta kama ni.

Sai a mako na bakwai allon ya iso. Na haɗa, katin ya shige raminsa daram, na gwada da monitar shago, wato fuskar kwamfuta, komai lafiya. Ya ce sai dai in bi shi gida in jona masa, shi bai iya wayoyin ba. Na bi shi ina ƙunƙuni.

A falon na ga abin da ya kashe mini baki. Monitar kwamfutar tana can kan kabad, ƙura ta rufe ta. A kan tebur wata ƙatuwar talabijin ce, kujerarsa kuma a manne da ita, bai fi taƙi ɗaya tsakani ba. Wata baƙar waya ta fito daga bayan talabijin, bakinta zagayayye, daidai da wata 'yar kafa a jikin tsohon katin wadda ban ko kula da ita ba. Na jona, na kunna. Haruffa suka fito manya-manya, kowanne ya kai babban yatsana. Baba Zamani ya matso har hancinsa na neman taɓa gilashin, ya karanta layi ɗaya, ya sauke ajiyar zuciya.

Ashe ba rubutun Ishaku ba ne ba ya karantuwa. Idon ne ya tafi, shekara huɗu ke nan, a hankali. Yatsunsa ba sa buƙatar ido, amma duba kuskure sai a wannan talabijin.

Na zauna a hannun kujera. Na ce, "Haba Baba! Da ka faɗa mini tun ran farko. Akwai sababbin katuna masu irin wannan kafar, da kwana biyu ya isa."

Shi a tunaninsa wannan katin kaɗai ke iya haka, tunda shi Ebenezer ya saka masa. Can ya ce, "Idan mutanen coci suka ji ba na gani, za su ce in huta. Tausayi za su ji, su daina zuwa. Kada ka faɗa wa kowa, ɗana."

Ban faɗa ba. Amma mako bakwai ba kwana bakwai ba ne, kuma Lahadi ba ta jiran kowa. Tun a mako na biyu Ishaku ya kai aikin wani shagon buga takardu a bakin titi, inda ake miƙa takarda a dawo bayan rabin awa, babu zama, babu karantawa da baki. Sun ji daɗin saurin. Da Baba Zamani ya aika cewa kwamfuta ta tashi, sai aka aiko masa da godiya mai yawa, aka ce ai ya yi wa ikilisiya hidima, yanzu lokacin hutunsa ne.

Juma'ar da ta biyo baya na kasa zama a shago. Bayan na sauko daga masallaci na yagi takarda, na rubuta wata sanarwa da ba ni da buƙatarta, cewa duk wanda ya bar kayan gyara ya zo ya ɗauka. Na hau mashin sai Maitumbi. Na same shi ya share falo, ya jera kofuna shida a kan faranti, talabijin a kunne, shafi fari fat babu ko harafi ɗaya.

Na ce ina son a buga mini wannan. Ya juyo inda muryata take, ya ce shi ya san kwamfuta uku ce a shagona. Na ce eh, amma rubutuna ba ya karantuwa. Ya yi dariya, ta farko da na taɓa ji daga bakinsa, ya ce to in zauna in karanta masa.

Layi uku ne kacal. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana bugu ba tare da duban yatsunsa ba, sai ga shi yana buga kalma yana gogewa, yana cewa in maimaita, yana tambayata ko shayin ya yi sanyi a ƙara ɗumamawa. Mun kai har kusan magariba a kan layi ukun nan. Ni da kowa ya sani da gajen haƙuri, ko sau ɗaya ban ce masa ya yi sauri ba.