Aldo Mai Duwatsu da Ɗakin Rakiya

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Aldo, Baturen Italiya da mutanen Bauchi na wancan zamani suka laƙaba wa Mai Duwatsu. Waɗanda za su tuna shi a garin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ni kafinta ne, rubutu ba sana'ata ba ce, amma na ga in na yi shiru har ƙasa ta rufe idona, to shi ke nan, an binne shi sau biyu.

Ɗan magini ne daga wani ƙauye na cikin duwatsu a arewacin ƙasarsu. Yaƙin duniya ya cinye ƙauyen, ya haɗa da ƙanensa. Bayan an gama yaƙin ya biyo wani kamfanin gina hanya zuwa nan, yana zana musu taswira. Wannan shi ne abin da ke ba shi abinci, amma ba shi ne abin da ke ransa ba. Duk ranar hutu sai ya ɗaure akwatin fenti a bayan keke ya nufi Miri ko Zungur, ya zauna a gindin itace yana kallon dutse kamar mai jiran dutsen ya yi magana. Ni nake haɗa masa katakon da yake ɗaura ƙyallen zanensa, a shagona na unguwar Ɗan Iya. Daga ciniki muka koma cin tuwo kwano ɗaya a zaurena, yana zufa yana ƙorafin yaji, yana kuma ƙara loma. Bai taɓa zana mutum ba. Da na tambaye shi dalili sai ya ce da gurguwar Hausarsa, "Mutum yana tafi. Dutse yana zauna."

Da yau zai dawo, ban san da wane baki zan gaya masa cewa dutsen ma ya fara tafiya ba. Ana sa masa nakiya, ana loda shi a manyan motoci a matsayin tsakuwa. Gonakin dawar da yake zanawa a hanyar Miri rufin kwano ya fara cinye su. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don ba mai faɗa ba ne. Zai dai cire hular nan tasa ya daɗe a tsaye.

Amma ba don duwatsu nake tuna shi ba. A wata damina, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai, zazzaɓi ya ɗauke matata Rakiya. Ta bar mini 'ya ɗaya, Binta, ba a daɗe da yaye ta ba. A lokacin matan aure irin namu ba sa zuwa wurin mai hoto, saboda haka babu hotonta ko ɗaya a duniya. Na kuma san da an yi sadakar arba'in za a raba gado, a kwashe jeren kwanukanta da ƙorenta, ɗakin ya koma bango huɗu. Abin da ya hana ni sukuni ke nan: yarinyar nan za ta tashi ba ta da komai na uwarta da za ta ɗora ido a kai.

Na roƙi Aldo ya zana mini ɗakin kafin a taɓa shi. Ya ce shi dutse ya sani, ɗaki bai sani ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da akwatinsa, ya ce zai gwada. Na je wurin limamin unguwarmu, ya ce tun da babu surar mai rai a ciki, kuma mai ɗakin ta riga mu gidan gaskiya, bai ga laifi ba. Sai na aika cikin gida cewa gobe da hantsi Bature zai shigo.

Surukata, wadda muke kira Inna, ta zo daga Zungur tun ranar rasuwar, ita ke riƙe da Binta. Da ta ji Bature zai ga ɗakin 'yarta, sai ta yi abin da kowace uwa za ta yi. Ta tara matan maƙwabta, aka shiga gida-gida ana aro. Da muka ɗaga asabari da safe, sai na ga ɗakin wata amarya da ban sani ba. Tasoshin tagulla sun kai har rufi, ga tangaran na matar wani ma'aikacin En'e, ga shimfiɗa mai ƙyalli a kan gado. Zanin aro dai ba ya rufe katara, amma wa zai faɗa? Ni da ban taɓa haɗa ido da Inna ba, ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba, ta yaya zan buɗe baki in ce ta yi kuskure a ɗakin 'yarta? Na sunkuyar da kai, zuciyata tana ƙuna.

Aldo ya tuɓe takalmi ya shiga. Bai kalli jeren ba, ƙasa ya kalla. Ya ga shatar gindin tukwane a daɓe inda yanzu babu tukunya. Ya ga inda daɓen ya yi sulɓi kusa da ƙofa, da baƙin hayaƙin fitila a bango. Sai ya fito ya durƙusa a gaban Inna yadda na koya masa gaida manya.

"Inna, ɗaki ya yi kyau," in ji shi. "Amma ba ɗakin shi ba ne."

Ta kawar da kai ta ce, "Bature, so kake ka kai talaucinmu ƙasarku a yi mana dariya?"

"Ba ƙasarmu. Na wannan ne." Ya nuna Binta da ke goye a bayanta. "In ya girma, ya ga kwanon wani, ya ce na uwana ne?"

Na ɗauka Inna za ta kore mu, kuma da ta yi haka da ba ni da ta cewa. Amma sai ta ce wa matan kowa ta ɗauki kayanta, Allah ya saka da alheri. Ta durƙusa ta jawo abin da ta tura ƙarƙashin gado: 'yan kwanukan Rakiya da suka faffashe a baki, kujerar zamanta, mazari da sauran auduga, da faifan da ta fara saƙa ba ta ƙarasa ba. Ta mayar da kowane abu mazauninsa ba tare da ta tambayi kowa ba, hawaye na ɗiga a kan hannunta.

Kusan mako ya yi yana zuwa, kullum da hantsi, don a lokacin ne kawai rana ke leƙa ɗakin. Abin da ya fito ba shi da girma. Haske ya shigo ta ƙofa ya kwanta a kan kujerar da babu kowa, faifan yana jingine a ƙafarta da allura a jiki, jeren yana can cikin inuwa. Duk wanda ya gani cewa yake kamar mai ɗakin ta fita ɗebo wuta ne, yanzu za ta dawo. Inna kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

A shekarar da aka ba mu mulkin kai, gari na ta kaɗe-kaɗe, Aldo yana kwance tari ya ci ƙarfinsa. Kamfanin ya mayar da shi gida. Malam Bulus, akawunsu, mutumin kudancin Bauchi, shi ya zo shagona bayan 'yan watanni da labarin rasuwarsa, ya yi mini gaisuwa kamar ni ne ɗan'uwan mamacin. Na yi kuka, ban ji kunya ba. Zane-zanensa na duwatsu Turawa sun tafi da su, ban san bangon da suke rataye ba.

Shekaru sun ja, Binta ta yi wayo, Inna ta kwanta ciwon ajali a gidana. Wata rana ina gyara ƙyauren ɗakin da take, sai na ji ta ce wa Binta ta ɗauko mata zanen Baturen nan. Ta riƙe shi tana nuna wa yarinyar: wannan kwanon ranar da ya fashe kaza aka yi, wannan faifan na gidan biki ne da ba ta kai ga zuwa ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan kujerar ta ce, "Nan Rakiya take zama." Rakiya 'yar farinta ce. Tun da ta haife ta kunya ba ta bar ta ta kira sunanta ba, sai ranar. Na ajiye guduma na fita zaure.

Yanzu masu hoto sun cika gari, kowace amarya tana da fuskarta a bango, kwanuka sun koma cikin kabad mai gilashi. Ban ce ba ci gaba ba ne. An ce baƙo raɓa ne, kuma gaskiya Aldo bai bar gida ko ɗa ko kabari a ƙasar nan ba, ko sunansa na biyu ban iya faɗa daidai ba. Abin da ya bari yana rataye a ɗakin Binta, wadda yanzu ta girme wa uwarta a shekaru. Har gobe ba ta san kamannin fuskar Rakiya ba. Amma in 'ya'yanta suka tambaye ta kakarsu, ba ta yin shiru. Tashi take ta nuna musu inda take zama.